YADDA OBA-OBA TA KE JIN MAGANA

Da hunturu, in hazo ya sauka a Kano, mutum ya kan tsaya bisa Dala ya kasa hango Goron Dutse. In hazon bai yi tsanani ainun ba, jiragen sama ba su fasa sauka a filin jirgi na Malam Aminu Kano. Matuƙin jirgi yana can sama, bai ga gari ba tukuna. Wani ma'aikaci kuwa yana zaune cikin doguwar hasumiya a filin, yana gaya masa inda iska ta ke busowa, da hanyar da zai bi, da lokacin da zai sauka. Babu waya ko zare tsakaninsu, amma suna magana kamar suna zaune zaure ɗaya, rayukan dukan waɗanda ke cikin jirgin kuwa suna rataye ga wannan magana.

Akwatin rediyo na gida kunne kaɗai gare shi, yana ji, ba ya mayar da jawabi. Na matuƙin jirgi kuwa yana da baki, yana da kunne. Irinsa ne 'yan sanda da soja da masu gadi su ke riƙewa a hannu, wanda a ke kira oba-oba. Sunan ya samo asali daga wata kalma ta Turanci da su kan faɗa in sun kai ƙarshen zance, ma'anarta, na gama, saura kai. Cikin sassan nan biyu, aikin kunnen ya fi wuya. Baki ihu kawai zai yi. Kunne kuwa sai ya tsinto murya guda, raunanniya, daga cikin dubban muryoyi, ya ƙarfafa ta, ya mai da ita magana.

ABIN DA KE TAFE CIKIN SARARI

In an jefa tsakuwa cikin kududdufi, ruwa ya kan yi zobe-zobe, yana bazuwa har bakin gaɓa. Haka nan in an sa lantarki ya yi ta kai da komowa da sauri cikin sandar ƙarfe, waɗansu igiyoyi su kan fita daga sandar su bazu ko'ina. Ido ba ya ganinsu, kunne ba ya jinsu. Mutanen da sun kira abin wayar iska, amma ba iska ke ɗauke da igiyoyin ba, gama suna ratsa wurin da babu iska ko kaɗan. Gudunsu daidai ya ke da na haske, watau kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya.

Wani Bajamushe mai ilmi, Heinrich Hertz, shi ya fara nuna tabbacin waɗannan igiyoyi, cikin 1887 da 1888. Saboda haka a ka sa wa ma'auninsu sunansa. In igiya ta kaɗa sau ɗaya cikin sakan, haz ɗaya ke nan. Sau 1,000 kilohaz ne, sau miliyan kuwa megahaz.

Muryar mutum ita ma kaɗawa ce, amma ta iska, mai nawa kuma. Abin da oba-oba ta ke ɗauka na murya daga kaɗawa 300 ne zuwa kamar 3,000 cikin sakan, wannan ya isa a gane magana. Irin wannan kaɗawa mai nawa ba ta iya tashi daga 'yar sandar ƙarfe ta yi nisa. Don haka sai a nemo mata ɗan dako, watau igiya mai saurin kaɗawa ƙwarai, a aza mata muryar. Jiragen sama suna magana da hasumiya bisa igiyoyi masu kaɗawa tsakanin miliyan 118 da miliyan 137 cikin sakan.

Hanyar aza kayan iri biyu ce. Ta fari, a sa ƙarfin igiyar ya riƙa ƙaruwa yana raguwa bisa ga tashi da faɗuwar murya. Ita a ke kira AM, da ita jiragen sama su ke aiki. Ta biyu, a bar ƙarfin yadda ya ke, a sa saurin kaɗawar ya riƙa ƙaruwa kaɗan yana raguwa kaɗan. Ita ce FM, yawancin oba-oba na hannu da ita a ka daɗe ana yinsu.

ERIYA

Ɗan sandan nan da ke tsaye bisa kan oba-oba shi ne eriya. In igiya ta wuce ta kansa, sai ta motsa lantarkin da ke cikin ƙarfen, ya yi ta kai da komowa daidai da kaɗawarta. Ba a yanka eriya da ka. Kowace igiya tana da tsawonta, eriya kuwa ta fi kamawa in ta yi rubu'in wannan tsawo. Igiya mai kaɗawa miliyan 150 tsawonta mita 2 ne, eriyarta kuwa santimita 50. In an ga eriya gajeruwa mai rigar roba, to, an nannaɗe wayar ne a ciki don kada ta dami mai riƙo.

Abin da eriya ta ke kamowa ƙanƙane ne ƙwarai. Batirin tocila ɗaya ƙarfinsa bolt ɗaya da rabi ne. In an raba bolt ɗaya kashi miliyan, abin da ke isowa daga nesa wani lokaci bai kai kashi ɗaya ba. Ga wata wahala kuma, eriya ba ta zaɓe. Tana kwaso tashoshin waƙa, da maganar 'yan sanda, da ta wayoyin hannu, da tartsatsin walƙiya, duka a cakuɗe, kamar hayaniyar Kasuwar Kurmi da rana tsaka. Uwa ta kan gane kukan ɗanta cikin hayaniyar kasuwa. Abin da a ke so kunnen oba-oba ya yi ke nan.

RARIYA TA FARI

Yaron da ya taɓa tura ɗan'uwansa bisa lilo ya san sirrin wannan rariya. Kowane lilo yana da nasa saurin kai da komowa. In ana tura shi daidai lokacin da ya dawo, ko da ɗan yatsa ne, sai ya yi ta ƙara nisa. In kuwa ana tura shi barkatai, wani turi ya kan kashe wani, lilon ya tsaya.

Cikin oba-oba akwai lilon lantarki. An yi shi da abu biyu: waya wadda a ka nannaɗe kamar awarwaro, da 'yar ma'ajiya, watau faifan ƙarfe biyu suna duban juna ba su taɓa juna ba. Lantarki ya kan taru cikin ma'ajiyar, ya zubo cikin naɗin wayar, ya sake komawa, haka haka sau miliyoyi cikin sakan. Igiyar da kaɗawarta ta yi daidai da ta wannan lilo ita ke wucewa da ƙarfi. Waɗanda su ka yi nesa da ita kuwa sai su raunana, su tsaya a ƙofa.

Daga nan sai abin da ya wuce ya shiga wurin ƙarin ƙarfi. Mai yin wannan aiki shi ne taransista. Aikinsa kamar na mai tsaron bakin madatsar ruwa ne: da ɗan motsin hannu ya ke buɗe wa ruwa mai yawa hanya, ko ya rufe. Ɗan lantarkin da ya zo daga eriya shi ne hannun, babban lantarkin batir shi ne ruwan. Abin da ya fito kamanninsa ɗaya da abin da ya shiga, sai dai ya fi shi girma nesa.

Taransista na fari a kan zaɓe shi da kyau, ga dalili. Zafi ya kan sa lantarkin da ke cikin kowace waya ya riƙa motsi da kansa, ko ba a taɓa shi ba. Wannan motsi shi ne shuuu ɗin da a ke ji in babu tasha. In taransista na fari ya cika irin wannan shuuu, sai na bayansa su ƙarfafa shi tare da muryar, ba mai iya raba su kuma.

MAKAƊIN GIDA

Rariya ta fari idonta manya ne. Ta kan tare na nesa, amma maƙwabta na kusa su kan kutsa. A wurare da yawa tazarar da ke tsakanin hanyar maganar jirgi da ta kusa da ita kaɗawa 25,000 ce kawai. In an gwada wannan da miliyan 120, kashi ɗaya ne cikin 4,800. Raba su ya yi kama da a ce mutum ya dubi tsibin gero biyu, ya faɗi wanda ya fi ɗaya da ƙwaya guda.

Wani Ba'amurke, Edwin Armstrong, ya samo dabarar wannan cikin 1918, sa'ad da ya ke aikin soja a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani Bafaranshe, Lucien Lévy, shi ma ya yi tunani irin wannan a zamanin. Dabarar ita ce, a rage wa igiyar sauri tukuna, sa'an nan a tace ta.

Ga misali. Mata biyu suna daka, kowace da turminta. Ɗaya tana buga taɓarya sau 60 cikin minti, ɗayar sau 62. Wanda ya kasa kunne zai ji wani lokaci taɓaren suna faɗuwa tare, dim, sa'an nan su rabu, sa'an nan su sake haɗuwa. Sau 2 su ke haɗuwa cikin minti, watau 62 a ɗebe 60. Ashe kiɗa biyu masu sauri, in sun gamu, su kan haifi na uku mai nawa.

To, cikin oba-oba akwai makaɗin gida, wani sashe da ke yin tasa kaɗawar ta lantarki. A kan haɗa kiɗansa da igiyar da ta zo daga waje cikin wani ɗaki, mahaɗa. A ce hasumiya tana magana bisa megahaz 120. Sai makaɗi ya kaɗa 130.7. In an ɗebe 120 daga 130.7, saura 10.7. In matuƙi ya murɗa maɓalli yana neman wata hasumiya mai magana bisa 125, sai makaɗi ya koma 135.7, saura 10.7 har wa yau. Sabuwar igiyar nan mai nawa tana ɗauke da muryar cif, ba abin da ya zube. An sake ɗan dako ne kawai, kaya suna nan.

Amfanin wannan biyu ne. Na fari, tun da kowace tasha 10.7 ta ke komawa, rariya guda ta isa, a ƙera ta da kyau, ba a sake taɓa ta. Da wani irin farin dutse mai ƙyalli a kan yi ta, irin wanda ke tsare lokaci cikin agogon batir. Na biyu, tazarar nan ta 25,000 ta zama kashi ɗaya cikin 428. Oba-oba da yawa su kan sake rage saurin karo na biyu, zuwa kaɗawa 455,000, tazarar ta zama kamar kashi ɗaya cikin 18. Wanda ya kasa gane ƙarin ƙwaya guda cikin 4,800 ba zai kasa ganewa cikin 18 ba. A nan ne kuma a ke yin mafi yawan ƙarin ƙarfi, taransista na miƙa wa taransista, har abin ya riɓanya sau dubbai.

SAUKE KAYA

Yanzu igiya guda ta rage, ta kuwa yi ƙarfi, amma har yanzu kunnen mutum ba zai ji ta ba, gama ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000. Sai a sauke kaya, a sallami ɗan dako.

In AM ce, a kan bi da igiyar ta wata ƙofa wadda lantarki ke wucewa ta cikinta gaba, ba ya komowa baya. Wannan ƙofa ta kan yanke rabin kowace kaɗawa. Sa'an nan wata ma'ajiya ta shafe ƙananan tudun da su ka saura, kamar yadda magini ke shafe yaɓe. Abin da ya rage shi ne tashi da faɗuwar ƙarfin igiyar, wannan kuwa shi ne siffar muryar. In FM ce, akwai wani sashe mai lura da sauri. In saurin ya ƙaru sai ya ba da lantarki da yawa, in ya ragu ya ba da kaɗan, muryar ta fito.

Daga nan a kan ƙara mata ƙarfi karo na ƙarshe, a kai ta lasifika. Cikin lasifika akwai maganaɗisu, da naɗin waya manne da wani faifai marar nauyi. Lantarkin murya ya kan sa naɗin ya matsa gaba ya ja baya, faifan ya kaɗa iska, iska ta kaɗa dodon kunne. Duk wannan tafiya, daga bakin ma'aikacin hasumiya zuwa kunnen matuƙi, ba ta kai ƙiftawar ido ba.

BARORI BIYU

Akwai waɗansu sassa biyu masu hidima a ɓoye. Na ɗaya mai daidaitawa ne. Jirgin da ke nesa maganarsa ta kan iso a raunane, na kusa kuwa da ƙarfi ainun. Wannan bara ya kan auna abin da ya shigo, in ya yi yawa ya rage ƙarin ƙarfi, in ya yi kaɗan ya ƙara, don kada na kusa ya kurmantar da mai sauraro, na nesa kuma ya ɓace.

Na biyu mai tsaron ƙofa ne. In ba mai magana, shuuu kaɗai ke fitowa, wanda zai gajiyar da mai sauraro yini guda. Sai wannan bara ya rufe lasifika, ba ya buɗewa sai igiya ta iso. Mai oba-oba shi ke gaya masa iyakar ƙarfin da zai buɗe wa. A nan a ke bukatar hankali. In an tsananta tsaron don neman shiru, kira mai rauni ba zai shiga ba, wataƙila kuwa na wanda ke cikin haɗari ne can nesa. An keɓe megahaz 121.5 domin jiragen sama masu neman agaji, da 156.8 domin jiragen ruwa, akwai masu kasa kunne gare su dare da rana.

IN BAKI YA BUƊE, KUNNE YA RUFE

A gefen oba-oba akwai maɓallin da a ke dannawa in za a yi magana. Eriya ɗaya ce baki da kunne su ke tarayya a kanta. Ƙarfin da baki ke fitarwa ya fi abin da kunne ke karɓa daga nesa sau miliyan miliyan, har ya ɗara. Da zai shiga kunnen, da ya ƙone taransista na fari. Saboda haka maɓallin ya kan raba kunne da eriya muddin ana danne da shi. Mai magana ba ya jin kowa sai ya saki.

Akwai kuma abin da rariya ba ta iyawa, kome kyaunta. In mutum biyu sun yi magana lokaci ɗaya bisa hanya ɗaya, ba ta iya raba su. In FM ce, mai ƙarfi ya kan danne mai rauni. In AM ce, igiyoyin biyu su kan yi irin ta matan nan masu daka, su haifi ta uku, a ji ta cikin lasifika kamar fito mai tsini.

An ga illar wannan a Tenerife, wani tsibiri na ƙasar Sifen da ke cikin teku yamma da Maroko. Ran 27 ga Maris, 1977, hazo ya rufe filin jirgin sama na tsibirin. Manyan jirage biyu suna bisa hanyar tashi guda, ɗaya na kamfanin KLM, ɗaya na Pan Am, ba mai ganin wani. Na KLM ya fara gudu zai tashi. Ma'aikacin hasumiya ya ce masa ya dakata sai an kira shi. A daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am su ka yi magana, suna cewa har yanzu suna bisa hanyar. Maganganun biyu su ka gamu, abin da ya isa kunnen matuƙan KLM sai fito. Jiragen su ka yi karo, mutum 583 su ka rasu. Masu bincike sun sami dalilai da dama, babba cikinsu shi ne fara tashi ba da tabbataccen izini ba. Amma da ɗaya daga cikin maganganun nan ta shiga sarai, da wataƙila an tsaya. Tun daga nan a ka ƙara tsananta dokokin magana: a yi ta gajeruwa, da kalmomin da a ka sani, wanda a ka ba umurni kuma ya maimaita shi don a tabbata ya ji daidai. Gaskiyar masu iya magana, in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

DA DA YANZU

Oba-oba da sojan Amurka su ka fara goyawa a baya cikin 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kwalaben lantarki 18 ke cikinta, nauyinta kamar kilo 15, maganarta kuwa ba ta wuce kamar kilomita 5 ba. Cikin 1947 a ka ƙago taransista a Amurka, ya maye gurbin kwalaben. Yanzu a kan tara dubban taransista bisa ɗan ƙwayar da ba ta kai farce ba. Cikin sababbin oba-oba da yawa a kan mai da igiyar lambobi, wata 'yar kwamfuta ta tace ta, ta sauke muryar da lissafi. Wayar hannu ita ma rediyo ce mai baki da kunne, sai dai an yi mata dabarar da mutum zai yi magana yana kuma ji. Kayan aiki sun sake, amma aikin yana nan yadda ya ke: a kamo, a tace, a ƙarfafa, a sauke muryar.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin akwatin rediyo na gida da oba-oba?
2. Don me a ke aza murya bisa wata igiya?
3. Igiya tsawonta mita 4 ne. Nawa ne tsawon eriyar da ta dace da ita?
4. Hasumiya tana magana bisa megahaz 118. Nawa makaɗin gida zai kaɗa don a sami 10.7?
5. Wace illa ke cikin tsananta tsaron ƙofa?
6. Don me mai oba-oba ya ke sauraro tukuna kafin ya danna maɓalli?